Harafin da Asger Ya Ƙi Canzawa

Akwai wani injiniya da ake kira Asger Tolstrup, a wani ƙaramin gari da ke arewacin Denmark. Mutumin nan ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Matsalarsa ɗaya ce, shi ma ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Kamfanin da yake wa aiki injin ɗaga marasa lafiya suke ƙerawa. Irin wanda ake kafawa a rufin ɗaki, a naɗe mara lafiya da wani ƙyalle mai kama da majanyi, a rataya ƙyallen a jikin ƙugiya, injin ya ɗauke shi daga gado ya sauke shi a kujera. Tsofaffi da waɗanda shanyewar jiki ta kwantar, duk nauyinsu a kan ƙugiyar nan yake sauka.

Asger ne ya zana ƙugiyar a kwamfuta, kuma da ita yake taƙama. Zane ɗaya ne, amma girma biyar ke cikinsa. Ka zaɓi lamba biyar, babbar ƙugiya ta asibiti ta fito. Ka zaɓi lamba ɗaya, ƙaramar ta injin gida ta fito. Duk biyar ɗin uwarsu ɗaya, abin da ka taɓa a jikin uwar ya shiga 'ya'yan gaba ɗaya, sai fa in ka ware ka ce wa kwamfuta wannan gyaran na lamba kaza ne kaɗai.

A kamfanin akwai wata mata, Gudrun, shekararta ashirin da shida tana aiki guda, wato kulle zane. In an gama zane an gwada shi, ita ce za ta ba shi harafi, ta kulle, sannan a aika wa masu yankan ƙarfe. Daga ranar ba mai sake taɓa shi.

In ana son gyara, ko da kaurin gashi ne, sai an cike takarda, an zauna ranar Laraba an duba, sannan a buɗe sabon harafi. A ya zama B, B ya zama C. Kowane inji da zai fita daga kamfanin, ana rubuta harafin ƙugiyar da ke jikinsa. A lokacin da nake ba ku labari, ƙugiyar Asger tana kan harafin C.

Sai kuma wata al'ada wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ta fi rubutacciyar ƙarfi. Duk wanda ya tafka kuskure a wurin aiki, washegari zai kawo kek. A ajiye shi a teburin shan kofi da ƙarfe tara, kowa ya yanka, a yi ta yi wa mai kek ɗin tsiya. Ba wani abin tashin hankali ba ne. Ana ci ana dariya, kafin rana ta raba an manta.

Shekara goma sha ɗaya Asger yana kamfanin, bai taɓa kawo kek ba. Amma ba a taɓa kawowa bai ci yanka biyu ba.

Ran nan Ejner ne ya kawo, wani dattijo da ke kula da injin yankan ƙarfe a ƙasan bene. Asger ya cika baki da kek ya ce, "Ejner, wannan na nawa ke nan a bana? Mai gidan burodin nan ai ya kamata ya fara gaishe ka da safe."

Ejner ya kurɓi kofinsa ya ce, "Ci dai, sarkin gwanaye. Ranar da naka zai zo, ko karyawa ba zan yi a gida ba."

"Ashe yunwa ce ajalinka," in ji Asger.

Aka kwashe da dariya, har shi Ejner ɗin.

Watan Yuli ya kama, lokacin da rabin ƙasar ke rufe ofis a tafi hutu. Gudrun za ta yi mako uku a bakin teku da jikokinta. Kafin ta tafi ta bar wa Asger ikon buɗe zane da kullewa, saboda shi ne babba a cikin waɗanda suka rage.

"Kar ka taɓa min komai in ba dole ba," ta ce masa tana saka rigar ruwanta. "In dole ta kama, ka buɗe sabon harafi."

"Haba Gudrun, ni za ki koya wa?"

"Kai ɗin nake nufi," ta ce, ta fita.

Kwana biyar da tafiyarta, masu haɗa inji suka aiko saƙo cewa wuyan babbar ƙugiya, lamba biyar, yana gogar murfin inji yana ƙara. Asger ya buɗe zane ya duba. Laifinsa ne tsaf. Shi ya yi wuyan da kauri, bai bar masa wurin juyawa ba.

Gyaran ba ya wuce minti biyu. A rage kaurin wuyan da milimita uku, shi ke nan. Amma in ya bi ƙa'ida, sai takarda, sai zaman Laraba, sai harafin D da sunansa a gefe. Bayan haka kuma sai kek. A zuciyarsa ya hango Ejner riƙe da wuƙa da faranti yana washe baki.

Jama'a, a nan fa ne. Kek ɗin da bai kai kuɗin man mota na kwana ɗaya ba.

Ya waiga, ofis ba kowa sai mutum biyu can nesa. Ya buɗe zanen da ikon da aka bar masa, ya rage milimita uku, ya sake kullewa a kan harafin C yadda yake. Cikin gaggawa, a jikin uwar zanen ya yi gyaran, bai ware shi ga lamba biyar kaɗai ba. Ya duba babbar, ta yi daidai. Sauran huɗun bai ko leƙa su ba.

Ƙarar ta daina. Gudrun ta dawo daga hutu fuskarta ta yi ja da rana, ta ga komai a kulle a kan harafinsa, ta ci gaba da aikinta.

Sai ƙarshen watan Satumba. Wata Alhamis da safe Asger ya buɗe babban zanen injin gida don ya amsa wata tambaya. Ya cire murfin a kan allo, ya matso da ƙugiyar kusa.

Wuyan ƙaramar ƙugiya ya siranta. Ya auna, milimita biyar. Takwas ya kamata ya zama. Ya sake aunawa, kamar kwamfuta za ta ji tausayinsa ta canza magana. Biyar ɗin dai. Milimita ukun da babbar ƙugiya da na tsakiya ba su ko ji ba, a jikin ƙaramar kusan rabin ƙarfinta ne ya tafi.

Ya sauka ƙasa, ya tarar da Ejner yana goge hannu.

"Ejner, yaushe rabonka da yanka lamba ɗaya?"

"Farkon Agusta. Guda ɗari da ashirin. Lafiya? Ka yi fari fat."

"Ina suke?"

Ejner ya nuna masa wani akwatin roba shuɗi a kan kanta, an liƙa masa takarda mai harafin C. "Na juye su a kan tsofaffin."

"Ka haɗa su wuri ɗaya?"

"To a ina zan sa su? C ai C ce. Da D ce da na ba ta akwatinta."

Asger ya zazzage akwatin a kan tebur ya fara aunawa ɗaya bayan ɗaya. Guda ashirin da uku suka rage a ciki, goma sha ɗaya daga cikinsu masu siririn wuya ne. Ke nan ɗari da tara sun fita, suna rataye a ɗakunan mutane.

Ejner ya matso kusa da teburin. Ya ɗauki ɗaya daga masu siririn wuyan ya juya ta a hannu, ya dubi Asger, ya kai ta injin gwaji. Injin nan yana ɗaga buhun yashi mai nauyin mutum ya sauke, ya ɗaga ya sauke, ba hutawa. Suka tsaya su biyu suna kallo. Kafin lokacin cin abincin rana, a ɗagawa ta ɗari huɗu da 'yan kai, sai ji suka yi ƙas! Buhun yashin ya faɗo ƙasa har siminti ya girgiza.

"Mutum ɗaya ana ɗaga shi sau biyar, sau shida a yini," in ji Ejner a hankali. "Kai ne mai lissafi."

Asger ya riga ya yi lissafin. Wata biyu da rabi, ko uku. Injinan farko kuwa tun tsakiyar Agusta suka fita.

"Ka hau sama ka faɗa da bakinka," in ji Ejner. "In ba ka hau ba, ni zan hau. Minti goma na ba ka."

Ya hau. Gudrun tana cin baƙin burodinta da kifi a gaban kwamfuta. Ya tsaya a kanta ya faɗi komai, muryarsa kamar ba tasa ba. Ya so ta yi masa ihu, ko ta zage shi, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ajiye burodin, ta goge yatsunta, ta buɗe jerin injinan da suka fita.

"Zo ka gani," ta ce.

Injin gida ɗari biyu da shida ne suka fita tun Agusta. A gefen kowanne an rubuta C. Daga sama har ƙasa C ce.

"Da ka buɗe D, yanzun nan zan danna nan, ta fito min da ɗari da taran nan da adireshinsu. Kafin kofina ya huce. Yanzu ka faɗa min, wacce ce mai kyau, wacce ce mai kisa?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Kwamfutar ma ba ta sani ba, tunda ƙarya aka faɗa mata."

Kuma ba abin da za a ce wa mai inji ya duba ya faɗa ta waya ba ne. Wuyan ƙugiyar yana cikin murfi a rufe. Sai an je, an sauke injin, an kwance, an auna.

Preben, manajan kamfanin, da ya ji labari sai da ya zauna. Ya ce, "Maganarka da ni tana nan zuwa, Asger. Yanzu kowa ya ɗauki waya."

Ranar ba wanda ya yi wani aiki. Mutum talatin suna kan waya suna faɗin magana ɗaya: ku daina amfani da injin nan daga yanzu, muna zuwa. Aka sa sanarwa a rediyo da jaridu. Ejner ya koma ƙasa yana yanka sabbin ƙugiyoyi masu harafin D, wanda Gudrun ta buɗe a yammacin ranar, ba ta jira Laraba ba.

Washegari motoci biyar suka fita, Asger a cikin ɗaya. A kujerar gefensa ya ajiye ma'auninsa da wata takarda da ya rubuta 109 a samanta. Duk ƙugiyar banza da aka ciro, a kira shi, ya rage ɗaya.

A nan ne ya fara ganin inda zanensa ke zuwa. Shekara goma sha ɗaya yana zana ƙugiya, bai taɓa shiga ɗakin da ake rataya mutum a jikinta ba.

A wani gidan kula da tsofaffi, wata ma'aikaciyar jinya ta tare shi a baranda, hannunta a ƙugu. "Kai ne na kamfanin? Sannu da zuwa, ranka ya daɗe! Kwana uku mutum bakwai suna kwance ba mu iya ɗaga su ba. Akwai wadda take kuka tana roƙona in kai ta banɗaki kamar mutum. Bayan abokiyar aikina ya riƙe saboda ɗaukar ƙato da hannu. Wane mai hankalin ne ya yi wannan aikin?"

Asger ya ce, "Ni ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To shiga ka gaya musu, ni na gaji da ba su haƙuri."

Ya shiga. Inji bakwai ya kwance a gidan, biyu kaɗai ne masu siririn wuya. Sauran mutum biyar ɗin a banza suka yi kwana uku a kwance, saboda ba wanda ya isa ya ce tasu mai kyau ce.

Haka aka yi ta yi. Ɗari da tara ta koma saba'in, ta koma talatin da ɗaya. Duk sanda wayarsa ta yi ƙara, sai ya ɗauka an kira a ce wani ya faɗo. Abinci ya daina shiga. Wata ƙugiya da ya ciro a gidan wani tsohon direban jirgin ruwa, har ta fara tsagewa, farcensa yana shiga. Ya fito ya zauna a mota ya riƙe ta, ya daɗe bai iya tayar da motar ba.

A mako na uku Preben ya kira shi ofis ya miƙa masa takardar sallama. Asger ya karanta ya ninke.

"Na yarda," ya ce. "Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar min motar da ma'aunin har a gama."

Preben ya ce, "Saura nawa?"

"Huɗu."

"Je ka."

Huɗu ta koma biyu, biyu ta koma ɗaya. An kwance inji ɗari biyu da biyar, an samu ɗari da takwas. Inji ɗaya ya rage, ƙugiya ɗaya ta rage. Ba sauran wataƙila, ta ƙarshen tana jikin wannan injin, kuma injin tun tsakiyar Agusta ya bar kamfanin.

Sai dai injin ba ya inda takarda ta ce yake. Wani tsoho ne ya saya, ya yi kwana goma yana amfani da shi ya rasu. 'Yarsa da ke zaune a babban birni ta zo ta kwashe kayan gidan, aka sa gidan a kasuwa. Sai da Asger ya yi kwana huɗu yana kira kafin ta ɗauka.

"Injin? Ai na bayar," ta ce. "Wani abokin babana ne da suke buga kati. Matarsa ta zo jana'iza, ta ce shi ma ya kwanta. Na ce ta aiko a ɗauka, me zan yi da shi?"

"Sunansa fa?"

"Verner."

"Verner wa?"

"Wallahi ban sani ba. Verner kawai Baba yake cewa. Ina jin a tsibirin Mors suke."

Asger ya roƙe ta ta duba wayar mahaifinta. Ta ce an rufe layin, wayar ma ta ba wa ɗanta ya goge komai.

Wanda ya san Mors ya san tsofaffin da ake kira Verner ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Asger ya haye gadar shiga tsibirin ya fi sau goma. Ya tambaya a kantuna, ya tambayi limamin coci, ya liƙa takarda a ƙofar zauren taro. Ya buga ƙofar Verner guda shida. Ɗaya yana kan tarakta da ƙarfinsa, ɗaya ya rasu tun bara, ɗaya ya ɗauka ɗan damfara ne ya sako masa kare. Ma'aikatan jinya masu zaga gidaje suka ce ba su da ikon ba shi sunan kowa, amma sun duba jerinsu, ba wanda suka sani da irin wannan injin.

Oktoba ta ƙare. Kowace safiya in ya buɗe ido, lissafin ne ke fara zuwa masa. Sau biyar jiya, sau biyar yau. Wani wuri a tsibirin nan wata mata tana rataya mijinta a jikin ƙarfen da ya san zai karye, shi kuma yana zagaye a mota da mai kyau a aljihu. Ya san ciwon, yana riƙe da maganin, ya rasa ƙofar da zai kai shi. Wannan abu ya fi ƙarfin kuka.

Ya kira Gudrun wata rana daga bakin hanya. "Ki sake duba min, ko akwai wani abu da ban gani ba."

"Na duba sau ashirin, Asger," ta ce, muryarta a sanyaye. "Ba ni da komai. Ka ci wani abu yau?"

Ranar sha biyu ga Nuwamba wani kafinta ya kira shi. Ya ga takardar a ƙofar zaure. Ya ce shi ya kafa wani inji irin wannan a watan Satumba, a wani gidan gona can arewacin tsibirin, gidan Verner da Edel. Ba su da rediyo a kunne, jarida ma sun daina karɓa.

Asger bai san yadda ya kai ba. Ana yayyafi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ya tsaya a ƙofar wani farin gida mai ƙaramin lambu. Wata tsohuwa 'yar siririya ta buɗe, sanye da rigar sanyi ta saƙa.

"Ke ce Edel? Daga kamfanin injin ɗaga mara lafiya nake. Don Allah kar ki sake amfani da shi, na kawo..."

"Shigo daga ruwan nan, ɗan saurayi," ta ce. "Ka goge ƙafarka."

Ya bi ta. Ƙofar ɗakin kwana a buɗe take. An gyara gadon tsaf, ba kowa a kai. Injin yana rufin ɗaki, igiyarsa tana lilo ba ƙugiya.

Ya dafa bango.

"Ranar Juma'a ne," in ji Edel. Ta zaunar da shi a kicin, ta ɗora masa kofi, ta turo masa farantin biskit. "Ina ɗauke shi daga gado zuwa kujera. Yana sama yana min tsiya wai na ƙona masa kunun safe. Sai kawai na gan shi a ƙasa. Ƙugunsa ya karye wuri biyu."

"Yana raye?"

"Yana asibiti. Sun yi masa aiki. Amma likita ta ce daga can gidan kula da tsofaffi za a wuce da shi. Sun ce ni ba zan iya ba." Ta gyara zaman kofin a gabansa. "Kuma gaskiyarsu ne. Shekara hamsin da ɗaya muna gidan nan. Na yi masa alkawari ba inda za a kai shi muddin ina numfashi. Da aka ba mu injin nan har rawa na taka a ɗakin can. Sai ga shi ni da hannuna na yar da shi."

"Ke?"

"To wa? Idona ba kamar da ba. Na rataya shi a karkace ne, ko na ja da sauri. Ƙarfe ai ba ya karyewa haka kawai. Shi yana ta cewa nauyinsa ne, don dai ya kwantar min da hankali. In ka zo karɓar injin ne, ka yi haƙuri, na ɓata muku shi."

Jama'a, tsohuwar nan haƙuri take ba shi.

Asger ya ture kofin gefe. Ba wanda ya san shi a gidan nan. Zai iya cewa matsala ce daga kamfani, ya miƙa mata takarda, ya fita. Ya dubi hannuwanta a kan tebur, tana murza ɗaya da ɗaya kamar mai son cire wani abu.

"Edel, ba ke ba ce. Ba nauyinsa ba ne kuma. Ko wa ya rataya shi, ko yaya aka rataya shi, sai ta karye. Ƙugiyar ce ba ta da kauri. Ni na zana ta, ni na rage ta, na ɓoye ban gaya wa kowa ba. Wata ɗaya da rabi ina neman gidan nan."

Ta daina murza hannuwanta.

"Sake faɗa," ta ce.

"Ba ke ba ce."

"Na rataya shi daidai?"

"Daidai kika rataya shi."

Sai ta kife fuskarta a tafin hannunta ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa. Asger yana zaune, bai isa ya taɓa ta ba, bai isa ya tashi ba. Ya fito da sabuwar ƙugiyar daga aljihu, ya rasa me zai yi da ita, ya mayar.

Da ta natsu ta share ido da bakin rigarta. Ta tashi ta ɗauko jakarta da wata leda mai kayan sawa na namiji a ninke.

"Kwana huɗu ban iya haɗa ido da mijina ba," ta ce. "Motar haya sai ƙarfe biyu. Kai kana da mota. Tashi ka kai ni, ka tsaya a gaban gadonsa ka faɗa masa abin da ka faɗa min, da bakinka."

"Zan faɗa. In akwai wani abin da zan iya yi..."

"Za ka iya dawo min da shi gidan nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ɗauki ledar," in ji Edel. Ta kashe fitilar kicin, ta ja ƙofar ɗakin kwanan ta rufe.

Darasi: Kuskure ba shi ne abin kunya ba, ɓoye shi ne ke cutar da mutane. Duk ƙa'idar da ka gani a wurin aiki kana ganin ɓata lokaci ce, akwai wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba wanda lafiyarsa ke rataye a kanta. In ka gyara abu, ka faɗa ka gyara, a rubuta, ko da za a yi maka dariyar kwana ɗaya. Wanda zai biya kuɗin girman kanka sau da yawa ba kai ba ne, kuma ba kowace ɓarna ce "yi haƙuri" ke gyarawa ba. Ku tura wa abokan aikinku da 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da wani kuskure a ciki yana jin nauyin faɗa.